Kurakuran masu sayen tocila da na gaji da gani

Kusan duk wanda ya zo in taya shi zaɓen tocila, tambayarsa ɗaya ce: lumen nawa ce? Lumen dai ma'aunin yawan haske ne. Ya karanta lambar jikin kwali, ya haska bango, ya zaro kuɗi. Ni ma haka na yi, kuma na ji a jikina.

Ɗinki nake yi. Ana saura kwana uku Sallah aka ɗauke wuta, ga aiki jibge. Na ɗauko sabuwar tocilata mai haske fari fat, na zaɓi zaren da zan yi wa wata shadda aiki a wuya. A idona zare da yadi sun dace tsaf. Gari na wayewa na ga ta'asa: zaren ruwan ƙasa ne, shaddar kuwa ja ce mai duhu. Mai kaya ya zo, ya kalli rigar, ya kalle ni, ya ce, "Haba Malam, wannan kuma fa?" Da na warware aikin sai ga sawun allura ko'ina. Shadda yadi biyar na biya daga aljihuna.

Ashe akwai wani ma'auni da ake kira CRI, mai nuna yadda haske ke fito da launi na gaskiya. Ƙarshensa 100, kuma nan hasken rana yake. Tocilolin araha yawanci wajen 70 suke, ja kuwa shi suka fi cuta. Don Allah in aikinka ya shafi launi, tela ne kai ko mai haɗa wayoyin lantarki, kada ka sayi ƙasa da 90. In ka ga an rubuta R9, wannan na ja ne zalla, kuma ba ya cikin lissafin CRI da aka saba bugawa, don haka duba shi daban. Ni dai ƙwan Nichia 519A na Japan nake nema. Lumen zai ɗan ragu, to sai me?

Sai launin hasken kansa, wanda ake aunawa da lamba mai K (Kelvin) a ƙarshe. Mutane na ɗaukan mai shuɗi-shuɗi, wato 6500K, wai shi ne mai ƙarfi. Fita da shi daren hunturu cikin hazo ka ga yadda zai dawo maka a ido. 2700K kuma ja-ja ne kamar fitilar ƙwai. Ni tsakanin 4000K da 4500K na tsaya. Ko a nan ma kada ka yarda da lamba kaɗai, wasu suna da kore-kore mai sa fuskar mutum ta zama kamar ta marar lafiya. Rage hasken zuwa ƙasa, ka haska farar takarda, nan asirinta zai tonu.

Lumen ɗin kwalin ma sau da yawa na ɗan lokaci ne, tocila na yin zafi take rage kanta.

Girma kuma, mai babban batirin nan da ake kira 21700 tana jan aljihun kaftani har ya karkace, ƙarshenta a bar ta a gida. Mai 18650, batir mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, ita ce iyakata.

Batir 14500 girmansa ɗaya da AA, amma shi volt 3.7 ne, AA kuwa 1.5. Kada ka cusa shi a tocilar da ba a rubuta tana ɗauka ba, ƙonewa za ta yi.