Ɗamarar riƙe yaro mai yawan ƙwacewa: yadda ake zaɓenta da tafiya da ita a cikin Sakkwato

Daga shekara ɗaya da rabi zuwa wajen shekara huɗu, yaro yana da ƙafar gudu amma bai san tsoron titi ba. Bai iya auna gudun kabu-kabu ba, kuma gajartarsa kan sa mai keke napep ya kasa hango shi idan ya ɓullo daga tsakanin motoci. Goyo ne maganin farko, sai dai yaro mai kilo 12 zuwa 14 ba kullum yake goyuwa ba, balle ga mai tsohon ciki, ko mai jinjiri a baya, ko uwar tagwaye. A nan ne ɗamara mai igiya take da rana: a Babbar Kasuwa, a tashar mota, a layin ganin likita, a filin Idi, ko a cunkoson masu ziyara a Hubbaren Shehu.

Iri uku ake samu. Akwai ta ƙirji, mai maɗauri biyu a kafaɗu da ɗaya da ya zagaye ƙirji, igiyar kuma tana maƙale da zobe a baya. Akwai 'yar jakar goyo mai igiya, wadda yara suka fi so don ta yi kama da jakar makaranta. Sai ta wuyan hannu, mai naɗaɗɗiyar waya tsakanin hannun uwa da na yaro. Ta ƙirji ta fi, domin idan yaro ya zabura, ƙarfin fizgar yana rabuwa a kafaɗu da ƙirji. Jakar ma ta yi, in dai tana da maɗaurin ƙirji. In babu, sunkuyawa ɗaya zai yi ya zame ya bar ki da jaka a hannu.

Ta wuyan hannu kuwa a bar wa yaron da ya fara jin magana. Dalili shi ne, a wajen ƙaramin yaro jijiyar da ke riƙe kan ƙashin hannu a gwiwar hannu ba ta yi ƙwari ba. Fizga guda tana iya gusar da ita. Sai ki ga yaro ya saki hannun yana reto, ya ƙi ɗaga shi ko da alewa aka miƙa masa, yana kuka in an taɓa, alhali babu kumburi. Wannan ba aikin ja da murza a gida ba ne. A kai shi asibiti, likita kan mayar da ita cikin 'yan mintuna. Haka ma yake faruwa idan aka ɗaga yaro da hannu ɗaya don a tsallakar da shi kwata.

Wajen saye, a duba makullin robar ya kasance a baya, inda hannun yaro ba ya kaiwa, a kuma danna shi a ji ya yi "ƙas". Wasu na ƙasashen waje suna ɗauke da lambar EN 13210, wato ƙa'idar Turai ta irin waɗannan kaya. In ba a samu ta kanti ba, mai ɗinkin jakunkuna zai iya haɗawa: bel irin na jakar makaranta mai faɗin santimita 2.5, zoben ƙarfe wanda aka like bakinsa, da ɗinkin akwati mai gicciye a ciki a duk inda bel biyu suka haɗu. Ɗinki layi ɗaya yana warwarewa. Kafin a sa wa yaro, a rataya mata jarka mai lita 25 cike da ruwa, a ɗaga ta zoben. Kilo 25 ke nan, kusan ninkin nauyin ɗan shekara biyu. In zare ya yi ƙara ko zobe ya buɗe, a mayar wa mai ɗinki.

Ɗaurawa ita ce inda aka fi yin kuskure. Maɗaurin ƙirji ya zauna daidai ƙasan hammata, ba a kan tumbi ba, ba kuma kusa da maƙogwaro ba. Yatsunki biyu su shiga tsakanin bel da jikinsa, uku kada su shiga. In ta yi sako-sako, za ta haura wuya lokacin da ya faɗi. In ta matse, za ta goge masa hammata. Zoben ya tsaya tsakanin kafaɗu, don in ya yi ƙasa kusa da ƙugu, jan igiya zai kifar da shi ta fuska. A sake gwada awon duk lokacin da kaya suka canza, domin abin da ya yi daidai a kan rigar sanyi lokacin hunturu zai yi yawa a kan 'yar shimi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato kan haura digiri 40, bel ɗin leda a kan fata tsirara kuma ƙurajen zafi yake jawowa. A sa rigar auduga a ƙasa, a riƙa cire ɗamarar idan an zauna a inuwa, a ba shi ruwa.

Tsawon igiya kada ya wuce mita ɗaya, a cikin kasuwa ma a naɗe ta zuwa rabi. Doguwar igiya tana ba yaro damar kaiwa bakin kwalta, mai baro ko mai babur kuma yana iya ratsawa tsakaninku. Ki zura hannu cikin madaukin, ki riƙe da tafin hannu, kada ki nannaɗe a yatsu. Yaro ya kasance ta ɓangaren shaguna, ke ta ɓangaren titi. Igiyar ta kasance da ɗan sassauci. In ya zabura, ki tsaya cak ki bar ta ta tsayar da shi, ba ki fizgo shi baya ba, don ta ƙeya zai faɗi. Wajen tsallaka titi, a riƙe hannunsa ko a ɗauke shi, igiya tana nan a matsayin ta biyu. Kada a ba yayarsa 'yar shekara shida ta riƙe, tare zai ja su.

Akwai wuraren da ɗamarar kanta ce haɗarin. Ba a ɗaure igiyar a jikin ƙarfen taga, ƙafar gado ko turken rumfa a tafi aiki, ko da na minti biyu ne, domin juyi biyu ya isa ta naɗe wuya. A cire ta in zai yi barci, in zai hau lilo ko wurin sulɓi. A cire igiyar a sa a jaka kafin a hau kabu-kabu ko keke napep, saboda lilon da take yi na iya kai ta cikin taya ko sarƙa. Ɗamarar kuma ba ta maye gurbin kujerar yaro ta mota.

Kada ranar kasuwa ta zama ranar farko. A fara a tsakar gida, minti biyar zuwa goma, ba tare da igiya ba, sannan a maƙala igiyar a zaga unguwa da yamma. A duk fita a riƙa koya masa kalma ɗaya, "tsaya", a yaba masa in ya tsaya. Kada a riƙa yi masa barazana da ita, in ba haka ba zai tsane ta. Za ki ji masu cewa an ɗaure yaro kamar akuya. Ba sai kin tsaya gardama a tsakiyar kasuwa ba. Idan yaro ya kai inda kira ɗaya ke tsayar da shi, yana kuma miƙo hannu da kansa a bakin titi, a fara cire igiyar a wuraren da babu cunkoso.

Rana tana busar da makullin roba har ya tsage, ƙurar hunturu kuma tana cika shi ya ƙi kamawa. A wanke da hannu, a shanya a inuwa, kada a bar ta cikin mota a rana. Ranar Idi ko tafiyar tasha, a rubuta lambar wayar uba ko uwa a takarda, a sa a aljihun yaron ko a ɗinka ta a cikin bel ɗin.