Kurakuran da aka fi yi idan an fita yawon ruwa a ayari a dam ɗin Dadin Kowa

A 'yan shekarun nan ƙungiyoyin matasa, abokan aiki da tsofaffin ɗalibai na fita daga Gombe zuwa dam ɗin Dadin Kowa, kimanin kilomita 37 gabas da gari, su ɗauki hayar kwale-kwale biyu ko uku ko huɗu, su zaga, su sauka wata gaɓa su ci abinci su dawo. Abu ne mai kyau, kuma muna so ya ɗore. Sai dai ruwan ba kududdufi ba ne. Kogin Gongola ne aka tare, idan ya cika faɗinsa kan kai murabba'in kilomita 300, kuma akwai wuraren da in ka kai tsakiya da kyar za ka hango gaɓa.

Babban kuskuren da sauran suke fitowa daga cikinsa shi ne ɗaukan yawa a matsayin tsaro. Mutane na ganin tun da jirage huɗu ne, in wani abu ya faru da ɗaya sauran za su kawo ɗauki. Hakan ba ya faruwa sai an tsara shi tun a tudu. Ƙungiyoyin masu jiragen shaƙatawa na teku sun daɗe da gane wannan. Ayarin da ke tashi duk watan Nuwamba daga Las Palmas a tsibiran Canary na ƙasar Spain ya ƙetare tekun Atlantika, wanda aka fara a 1986, ba a barin jirgi ya shiga cikinsa sai an duba kayan tsaronsa, kuma ana tara matuƙa a yi musu bayani kafin a tashi. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu, haka fatake suke tafiya, da madugu, da jagaba a gaba, da mai kula da na baya. A ruwa ma a naɗa mutum ɗaya da in ya ce a juya an juya, ba sai an yi ƙuri'a ba, kuma ya fi kyau ya zama matuƙin da ya fi sanin ruwan, ba shugaban ƙungiya ba. Jirgin da ya san hanya ya shiga gaba. Wanda injinsa ya fi ƙarfi da lafiya ya tsaya a baya da igiyar ja mai tsawon mita 20 zuwa 30, domin shi zai jawo duk jirgin da injinsa ya mace. Gudun ayari kuwa na jirgin da ya fi kowa nawa ne. Kowane matuƙi aikinsa ya riƙa waiwayen wanda ke bayansa. In ya daina ganinsa, ya tsaya.

A rubuta sunan kowa da jirgin da ya shiga, a yi kwafi biyu, ɗaya a hannun madugu, ɗaya a hannun wani da zai zauna a bakin ruwa ya san inda aka nufa da ƙarfe nawa za a dawo. Ana yawan ɓata wannan a wurin cin abinci: wani ya ga abokinsa a wani jirgin sai ya koma can ba wanda ya sani. Daga nan lissafi ya rikice, jirgi ɗaya ya yi nauyi, kuma in an rasa mutum kowa zai zaci yana ɗaya jirgin. Wanda ya tafi a jirgi, a cikinsa zai dawo, kuma a ƙirga kawuna duk lokacin da za a tashi daga gaɓa.

Sai lodi. Abin da ya faru a dam ɗin Watari na Bagwai a jihar Kano ranar 30 ga Nuwamba 2021, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya, ya isa ya nuna cewa ruwan dam ma yana cin jirgin da aka cika. A yawon shaƙatawa lodin ba ya zuwa da siffar buhuna, shi ya sa ba a ganinsa. Kuloli ne na abinci, katan-katan na lemo, lasifika, ƙaramin janareto, da mutum biyu da suka zo daga baya aka ji kunyar hana su. Kada a tambayi mai jirgi mutum nawa yake ɗauka a tsaya a nan, domin adadin da zai faɗa na ranar kasuwa ne. A duba da ido bayan kowa ya zauna: tsakanin ruwa da bakin jirgi a wurin da ya fi ƙasa, in bai kai kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba, a rage. Kaya masu nauyi su kwanta a ƙasa, a tsakiya. Kuma a gaya wa kowa tun kafin a tashi cewa ba a miƙewa tsaye, ba a zama a kan baki. Hoto ne ke jawo mafi yawan tangal-tangal: an hango wani abu a dama, mutum takwas sun karkata lokaci guda da wayoyinsu, jirgi ya ɗebi ruwa.

Rigar kariya daga nutsewa kuma ba ta aiki a ƙarƙashin benci. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa ta, amma ko ba doka, jirgi in zai kife daƙiƙoƙi yake ɗauka, ba wanda zai samu damar lalubo ta. Kuskuren da ya fi yawa ma shi ne a sa ta ba a ɗaure ba, ko a sa wa yaro ta babba. Gwajin mai sauƙi ne: bayan an ɗaure, wani ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga sama. In ta haura ta rufe kunnuwa, a cikin ruwa za ta zame ta kai, a matse ta ko a canja. Ta yara sai da maɗauri tsakanin ƙafafu. A matsa soson cikinta, wanda ya sha rana ya taurare ko yake marmashewa ya gama aiki. Babbar riga da malum-malum a bar su a mota. Mata su sa rigar kariyar a kan hijabi, a tattara jelarsa ciki, kada ya riƙa lilo kusa da inji. Masu cewa sun iya ruwa su ne suka fi ƙin sawa, alhali iyo a rafin gari daban yake da iyo na kilomita guda da kaya a jiki, ga wani ya riƙe maka wuya.

Maganar mai ana yin ta ne da ka, kuma nan ake faɗawa. Injin mai ƙarfin doki 15 irin wanda ake haɗa wa baƙin mai yana shan lita 7 zuwa 8 a awa in an buɗe masa wuta duka, mai doki 40 kuwa kusan lita 20. A raba man gida uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Tafiyar awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa da ƙaramin injin na bukatar jarka mai lita 25 cike. Kashi na ukun ba almubazzaranci ba ne, dawowa da iska a gaba ko jan wani jirgin yana cinye shi tas. Haɗin da aka fi amfani da shi shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na man injin, wato mililita 500 a lita 25, sai in littafin injin ya faɗi wani abu daban. In man injin ya yi kaɗan injin ya yi zafi ya kama, in ya yi yawa fulogi ya yi baƙi ya daina ba da wuta. A auna da kwalba, a girgiza, kuma a tace fetur ɗin bakin hanya da kyalle mai tsabta.

Da an tayar da inji a duba ɗan siririn ruwan da yake tsartuwa ta bayansa. Shi ne shaidar ruwan sanyaya yana zagayawa. In babu shi a kashe nan take, a duba ko leda ko ciyawa ta toshe ramukan shan ruwa da ke ƙasa kusa da farfela, a zura siririyar waya a ramin da yake fita. Wani abin da ke sa inji ya mutu bayan minti goma ana ta zargin mai shi ne an manta ba a kwance ɗan murfin shan iska na kan tanki ba. A kowane jirgi a samu fulogi biyu sababbi da sifanarsu, igiyar tayarwa ta ajiya, fil ɗin farfela, filaya, wuƙa mai kaifi, filafili biyu, da yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa a ɗaure da igiya. Igiyar kashe inji kuma ta kasance a wuyan hannun matuƙi. In ya faɗa ruwa ba ita, jirgin zai ci gaba da zagaye da mutane a ciki da farfela tana juyawa.

Wuƙar ta raga ce. Masunta na shimfiɗa ragar kalli da mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi, alamarsu sau da yawa gorar ruwa ce ko guntun soso yana yawo. In farfela ta naɗe raga, a kashe inji, a ɗaga shi, a warware da hannu, a yanka in ya zama dole, sannan a nemi mai ita a biya shi. Hanyar kauce wa wannan tun farko ita ce a je wurin Sarkin Ruwa ko shugabannin masunta kafin ranar, a gaishe su, a faɗi inda za a bi. Su ne suka san inda raga take, da inda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suke, waɗanda ke matsowa kusa da sama idan ruwa ya ja baya a bazara. Su ne kuma za su gaya maka inda dorina ke kwana a wannan makon.

Dorina tana nan a Dadin Kowa, mutanen ƙaramar hukumar Yamaltu Deba sun san ta a gonakinsu. Kada a matsa don hoto. Tana iya nutsewa kusan minti biyar, kan da ka gani can ba lalle yana can har yanzu ba. Hamma da ake gani tana yi gargaɗi ne. Wadda take da ɗa ta fi haɗari, kuma mafi munin wuri shi ne ka shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi, domin nan take gudu in ta tsorata, ta kanka za ta bi. A zagaye ta da nisa, jiragen a jere ɗaya bayan ɗaya, ba a kewaye ta. Haka ma bangon dam, mazubar ruwa da wurin da injinan lantarki ke jan ruwa, ba wurin zuwa ba ne ko kaɗan.

Lokaci daga baya ake lissafa shi. A Nuwamba da Disamba rana na faɗuwa a Gombe kusan ƙarfe 6, a Yuni da Yuli wajen 6:40, kuma duhu ba ya jira, cikin minti 25 ya rufe. NIWA ta hana tafiyar dare a ruwa, kuma hatsarin Patigi a jihar Kwara na watan Yunin 2023 da ya ci mutum fiye da 100 'yan biki da dare ya faru. A sa cewa jirgin ƙarshe ya taɓa gaɓa awa guda kafin faɗuwar rana. In zuwa ya ci awa ɗaya da rabi, a ware wa dawowa biyu. Ke nan a hunturu ƙarfe 3 an tashi daga wurin hutawa, la'asar a yi ta a gaɓar gida. Abin da ke karya wannan tsarin shi ne jiran makararru da safe. Wanda bai zo ba ƙarfe 9, a tafi a bar shi.

Hadari a wannan yanki daga gabas yake tasowa, yawanci da yamma, kuma na farkon damina da na ƙarshenta sun fi zuwa da guguwa. Alamarsa gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke ɗif, sai wata mai sanyi ta biyo. In an ga haka a nufi gaɓar da ta fi kusa, ko da ba ita ce ta gida ba. Tsakanin walƙiya da tsawa kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba a fita daga ruwa, kuma kada a koma sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. In iskar ta riga ta cim muku, kowa ya zauna a ƙasan jirgi, a rage wuta, a fuskanci igiyar ruwa da goshin jirgi a ɗan karkace, kada a ba ta gefe, mutum ɗaya ya yi ta kwarfa. In za a jefa anka, ta goshi ake jefawa, ba ta baya inda nauyin inji yake ba, da igiya ninki 5 zuwa 7 na zurfin wurin. A hunturu matsalar hazo ce, ranar da ba ka hango gaɓar da za ka ba, a bi gefe-gefe ko a fasa.

In mutum ya faɗa ruwa kada kowa ya bi shi. Ɗaya ya nuna shi da hannu kada ya ɗauke ido, a jefa masa jarka mai lita 25 da ba komai a ciki, murfinta a ɗaure, tana ɗaukar mutum sarai. Jirgi ɗaya kawai ya je, a hankali, yana fuskantar iska, a kashe inji kafin a isa gare shi, mutum biyu su jawo shi sauran su karkata ɗaya gefen. In jirgi ne ya kife a riƙe shi, na katako yawanci ba ya nutsewa duka, kuma ya fi kan mutum sauƙin hangowa. Sauran jiragen kada su taru a kai, kuma kada su ɗebi fiye da abin da za su iya, gara a yi sawu biyu. Kada a dogara da waya kaɗai, sabis na ɗaukewa a wasu wuraren. A saka ta a leda biyu a ɗaure, kowane jirgi ya riƙe usur da tocila, a kuma yarda tun a tudu cewa busa uku na nufin a kawo ɗauki.

A wurin sauka kuma ana yin kuskuren da ba a ganin sakamakonsa sai bayan makonni. Ruwan gefe mai ciyawa, mara gudu, shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, kuma ƙwayar ta fata take shiga, ba sai an sha ba. A hana yara wanka da wasa a nan, a zo da ruwan sha lita 2 zuwa 3 ga kowane mutum, da na alwala daban. Wanda ya shiga ruwan ya ga jini a fitsari daga baya, ko zazzaɓi da ƙaiƙayi, ya je asibiti ya faɗi cewa ya shiga dam, maganinta praziquantel ne kuma yana aiki. A ɗaure kowane jirgi da turke ko itace, kada a bar shi don an ɗan turo goshinsa kan yashi, iska kaɗan ta isa ta janye shi. In akwai tungar masunta a wurin a yi sallama a nemi izini kafin a shimfiɗa tabarma ko a ɗauki hoton kowa, kuma ledoji da robobin da aka zo da su a tattara su a buhu a koma da su Gombe.