Kurakuran da aka fi yi a sassaƙar haɗe-haɗe kan maza, aiki da kuɗi

Da zarar mai sassaƙa ya ƙudurta yin aiki kan halin da namiji yake ciki a zamanin waya da intanet, kayan da hannunsa ke fara kaiwa sanannu ne: hular kwanon ma'aikata, kwat, matacciyar waya, takardun kuɗi. Sai ya jibge su wuri ɗaya ya manne. Taron tsintsiya ba shara. Mai kallo tun daga bakin ƙofa ya gane saƙon, ba abin da zai sa ya matso.

Gyaran shi ne a rage kaya, a nemi wanda aiki ya ci da gaske. Wayar ɗan aiken da manhaja ke turawa, wadda gilashinta ya tsage aka liƙe da salatif, ta fi sababbin wayoyi goma faɗin magana. Haka linzamin kwamfutar da fentinsa ya goge daidai inda yatsa ke zama, ko kujerar da ta lotsa gefe ɗaya. Aikin allon kwamfuta ba ya sa kanta a tafin hannu, amma yana barin alama a wuya, da gadon baya, da kayan da aka yini ana taɓawa. Nan ya kamata a duba.

Wani kuskuren shi ne mayar da mazantaka ƙwanji da faɗin ƙirji kawai. An daɗe da yin wannan. Bijimin tagulla da mai sassaƙa Arturo Di Modica ya ajiye da dare a gaban kasuwar hannun jari ta New York a 1989, mai nauyin sama da tan 3, ya riga ya faɗi duk abin da za a faɗa kan ƙarfi da kuɗi. A ganina hanyar Duane Hanson ta fi amfani ga mai koyo: ya yi mutum-mutumin ma'aikata da resin (wani ruwa mai kamar ƙaro da ke daskarewa ya yi tauri) da zaren gilashi, ya sa musu tufafin gaske, kuma abin da ke kama ido shi ne gajiyar da ke kafaɗunsu. Namijin yau yana jiran shigowar kuɗi a waya, yana fargabar a rage masa tauraron yabo a manhaja, ga iyali sun zuba masa ido. Zaman jira da sunkuyar da kai su ne jikin wannan labarin.

Kuɗi kuwa, manna takardar gaske yana iya jawo rigima, domin ƙasashe da dama sun haramta lalata kuɗinsu. Masu dabara sukan koma ga rasit na injin cirar kuɗi, sai su faɗa wani ramin. Wannan takarda zafi ne ke fito da rubutunta, ba tawada ba. A bar ta a haske, rubutun ya dushe. A zuba mata resin, zafin da yake fitarwa lokacin daskarewa ya baƙanta ta. A ɗauki hotonta, a buga da tawada mai ƙarko a takarda mai kyau, a yi aiki da kwafin.

Inda aka fi tafka asara shi ne wajen kayan da ba sa jituwa. Fentin feshi yana narkar da farin soso na kwalin kaya, sai an fara shafa masa fentin share fage mai ruwa. Jan ƙarfe da alminiyam idan suka haɗu da laima, alminiyam ne ke cinyewa, don haka a raba su da roba. Resin mai kauri da aka zuba lokaci ɗaya yana iya tsagewa ko hayaƙi. A zuba shi kaɗan-kaɗan, a wuri mai iska, da safar hannu. Kada a taɓa binne waya da batirinta a ciki, yana kumbura, yana iya kama wuta. Manya ma ba su tsira ba: ayyukan da Eva Hesse ta yi da ruwan roba kafin rasuwarta a 1970, wasu sun yi duhu sun bushe har ba a cika fito da su ba.

Sai allo mai aiki. Hasumiyar talabijin 1,003 da Nam June Paik ya gina a wani babban gidan tarihi a Koriya ta Kudu a 1988, dole aka kashe ta a 2018 saboda tsufan na'urori, ba ta dawo ba sai 2022. Idan babban gidan tarihi ya sha wannan wahala, ina ga mai ɗan ɗakin aiki? A bar ƙofa a bayan aikin yadda hannu zai shiga, a ɗaure allo da noti maimakon gam, a bar kafar shan iska, a ajiye bidiyon a wurare biyu, a rubuta wa mai saye yadda ake sauya abin da ya mutu. Tsohuwar waya ko ma'ajiyar kwamfuta da aka sayo hannu, a goge bayanan cikinta tas kafin a jona ta da wuta a gaban jama'a, don sau da yawa hotuna da saƙonnin mai ita na farko suna nan ciki.