Yadda ake kulle kyamarar tsaro kada baƙo ya leƙo gidanka

Daga shagunan Kasuwar Dole zuwa gidajen Birni da Zango, kyamarar tsaro ta yawaita a Damagaram. Mai shago yana kwance a gida yana duba kayansa ta waya. Sai dai hanyar da hoton ke bi ya iso wayarka, wani ma zai iya bin ta. A 2014 shafin Insecam ya baje hotunan kyamarori sama da 73,000 kai tsaye, har da na cikin ɗakuna, don kawai masu su ba su canza lambar sirrin da suka zo da ita ba.

Abu na farko ke nan: canza lambar tun mai haɗawa bai tattara kayansa ba. Yawanci sunan shiga "admin" ne, lambar kuwa irin su 12345, wadda duk mai intanet ya sani. Da irin waɗannan lambobin ne manhajar kutse ta Mirai ta kame dubban kyamarori a 2016. Ka shigar da sabuwa da hannunka, doguwa, mai haruffa da lambobi. Ban da lambar wayarka, ban da sunan ɗanka. Mai haɗawa yakan ce a bar masa don gyara. Ko ɗan uwanka ne, ranar gyaran ka buɗe masa da kanka.

Na biyu, asusun manhajar da kake kallon kyamarar da ita a waya ya kasance da lambarka ko imel ɗinka. Duba jerin waɗanda aka ba izinin kallo. Yaron shagon da ya bar aiki bara, mai yiwuwa har yau yana ciki.

Sannan ka sabunta manhajar kyamarar, ka kashe saitin da ake kira UPnP a akwatin wifi, domin shi ke buɗe mata ƙofa zuwa waje ba da saninka ba. In ta hannu ka saya, danna maɓallin mayar da ita sabuwa tukuna.

Na ƙarshe ya fi damuna: inda za ka kafa kyamarar. Zaure, ƙofar gida da wurin ajiye babur sun isa. Tsakar gida, inda mata ke aiki ba lulluɓi, yara na wanka, ba wurin kyamara ba ne, haka ma katangar maƙwabci. Kyamarori da yawa suna ɗaukar murya, don haka shiga saiti ka kashe makirfon. In ba ka bukatar kallo daga nesa, cire ta daga intanet gaba ɗaya, ta riƙa adana hoto a katin ajiya.