Waɗanne Littattafai Za Ka Fara Nema Idan Kana Son Jan Wasan Cthulhu?

Duk daren Asabar muna haɗuwa mu biyar a falon yayana a Unguwar Rimi, da takardu da fensir da fulas ɗin shayi. Ni ne mai jan labari, sauran huɗun kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi, dayis kuma ya raba gardama idan aka zo wurin "zai iya ko ba zai iya ba". Ba caca ba ce, ba a sa ko sisi. Irin labarin da muka fi so shi ne wanda ya samo asali daga marubucin Amurka H. P. Lovecraft, wanda ya rasu a 1937, inda abin tsoron ba dodon da za ka sare da adda ba ne, sai dai wani abu da ya girmi duniya, wanda ganinsa kawai kan taɓa hankalin mutum. Cthulhu sunan ɗaya daga cikin irin waɗannan halittu ne da ya ƙaga. Ana yawan tambayata me za a saya a fara. Amsata kullum ita ce kada ka sayi komai tukuna.

Ka shiga shafin kamfanin Chaosium ka sauke ɗan littafin Quick-Start na Call of Cthulhu, kyauta ne. Sandy Petersen ne ya tsara wasan tun 1981, yanzu ana bugu na 7. Ka kai wurin masu kwamfuta su buga maka su ɗinke, ni a Tudun Wada na yi nawa. A ciki akwai ƙa'idojin da suka ishe ka, da labari guda mai suna The Haunting: wani mai gida a Boston ya ɗauke ku haya ku gano abin da ke korar 'yan hayarsa. Ƙa'idar ba wuya. Kowace gwaninta tana da lamba a cikin 100, ka jefa dayis, idan abin da ya fito bai haura lambarka ba ka ci. Sai kuma makin hankali, wanda ke zaizayewa duk lokacin da ka ga abin da bai kamata ido ya gani ba.

Daren da muka buga shi, aka ɗauke wuta daidai lokacin da suka isa bakin matakalar ɗakin ƙasa. Muka kunna fitilar waya muka kifa ta a kan kofin gilashi. Ƙanwata, wadda ta ɗauki 'yar jarida, ta riƙe fensirinta ta kasa rubutu, ta ce, "Yaya, don Allah kada ka ce akwai wani abu a bayan katakon nan." Ban ce komai ba, na dai ƙwanƙwasa ƙasan tebur sau biyu. Har yau ana tuna mini wannan daren, kuma kuɗin buga takarda kawai ya ci.

Idan mutanenka sun ce a ƙara, to sai Starter Set na 2019, kunshin Call of Cthulhu na masu farawa. Abin da ya sa nake yabonsa shi ne Alone Against the Flames, labarin da za ka buga kai kaɗai, yana koya maka ƙa'ida kana cikin wasa, sannan ga wasu labarai uku na tebur. Bayan shi ne za ka nemi Keeper Rulebook, babban littafin mai jan wasa. Investigator Handbook yana da kyau, amma ana iya shekara ba a buƙace shi ba. Doors to Darkness kuwa labarai biyar ne da aka rubuta musamman don sabon hannu. Kusan duka ana samun su a PDF a shagon intanet na DriveThruRPG, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin kuɗin kawo littafi mai nauyi daga waje kan kai kuɗin littafin kansa.

Dayis mai fuska goma, wanda Call of Cthulhu ke buƙata, ba a cika samun sa a kasuwarmu ba. Akwai manhajar waya da ke jefa shi, amma ni na fi son jin ƙararsa a kan faranti. Saboda haka ne nake nuna wa mutane wasanni biyu da dayis ɗin ludo ya ishe su. Na farko Trail of Cthulhu na Kenneth Hite, wanda Pelgrane Press ta fitar a 2008. Dayis ɗaya tal yake buƙata, kuma ya warware wata matsala da ta sha ɓata mana dare: a nan idan kana da gwanintar da ta dace kuma ka je wurin da ya dace, babbar alamar binciken taka ce, ba sai sa'a ta yarda ba. Wahalar ta koma wurin gane ma'anar abin da ka samo. Na biyu Cthulhu Dark na Graham Walmsley, ƙa'idojinsa ba su wuce 'yan shafuka ba, kuma sun faɗa ƙarara cewa wanda ya tsaya faɗa da halittar zai mutu. Walmsley yana da wani littafi, Stealing Cthulhu, da ke koya wa mai jan wasa yadda zai warware labaran Lovecraft ya sake saƙa nasa. Shi ya fi kowane littafi amfani a wurina.

Delta Green wani wasan ne daban, labarinsa na wannan zamanin ne, inda kuke zama jami'an gwamnatin Amurka masu aikin ɓoye, kuma Need to Know, ɗan littafinsa na masu farawa, kyauta ne. Abin da ya kama mu a ciki shi ne dangantaka. Kana rubuta sunan matarka ko mahaifiyarka da lamba, kuma idan hankalinka zai gushe kana iya rage lambar ka tsira. Wato tsoron da ka gani a waje, iyalinka ke biyan kuɗinsa. Abokina da ke aiki a Kakuri ya yi shiru na tsawon lokaci kafin ya yarda ya rage ta ɗansa.

Masks of Nyarlathotep, dogon labari na Call of Cthulhu, kowa na ambatarsa, kuma ya cancanta. Ya fara fitowa a 1984, labarin yana 1925, yana ratsa New York da Landan da Alƙahira da Kenya da Shanghai da Ostireliya. Bugun 2018 ya haura shafi 600. Ni na gaggauta sayensa, ya yi wata takwas a kan kanta kafin mu iya taɓa shi. Ka bari sai teburinka ya yi labarai biyar ko shida tare.

Dole in faɗi wannan: Lovecraft yana da ƙyamar baƙar fata, kuma tana cikin rubutunsa ba a ɓoye ba. Wasu tsofaffin labaran wasan ma sukan mai da ɗan Afirka ɗan dako ko mai tsafi kawai. Ka nemi Harlem Unbound na Chris Spivey, wanda ya sa baƙaƙen fata na unguwar Harlem ta New York a tsakiyar labari, da gajeren littafin Victor LaValle na 2016, The Ballad of Black Tom. A teburinmu kuma mun yi ƙa'ida tun ranar farko, ba ma shigar da addini ko aljanu cikin wasa, halittun littafi suna nan a matsayin ƙagaggu.

Yanzu labarin da nake shiryawa a nan gida yake. Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, ga jirgin ƙasa, ga gadar da aka ciro daga Zungeru, ga mutum-mutumin ƙasa da masu haƙar kuza suka tono a Nok a 1928. 'Yan wasana za su zama malamin asibiti, da akawun tashar jirgi, da wata ungozoma, da ɗan kasuwar fata daga Zariya. Na je Arewa House sau biyu ina duba tsofaffin hotuna don in san yadda titunan suke a lokacin. Wani akwati zai iso tasha da daddare, ba sunan mai shi a jiki, kuma akawun ne zai fara jin cewa yana da ɗumi.