Yadda ake tattara ra'ayin jama'a a Kaduna idan 'yan Conservative sun fitar da sabon firaministan Birtaniya

Ranar da aka yi sabon firaminista a Landan, abin da aka saba a ɗakin labarai shi ne a tura wakili ya jiyo abin da mutane ke cewa. Sai ya tsaya bakin Kasuwar Sheikh Gumi, ya tare mutum biyar, ya dawo da murya biyar duk suna cewa Allah Ya taya shi riƙo. Addu'a ce mai kyau, amma wanda ya kunna rediyo bai ƙaru da komai ba. A Kaduna kuwa akwai mutanen da wannan canji yake taɓa aljihunsu da makomar 'ya'yansu, kuma su ne ba a cika zuwa wurinsu ba.

Kafin ka ɗauki na'ura, ka san wa ya zaɓi mutumin

Yawancin kurakurai daga nan suke farawa. Mai sauraro a nan ya saba da zaɓen shugaban ƙasa, inda kowa ke jefa ƙuri'a, don haka idan ka ce masa "an zaɓi sabon firaminista" zai ɗauka 'yan ƙasar ne suka fita rumfuna. Sau da yawa ba haka ba ne. Theresa May a 2016, Boris Johnson a 2019, Liz Truss da Rishi Sunak a 2022, dukkansu sun hau kujerar ne ba tare da babban zaɓe ba a lokacin. Jam'iyyar da ke riƙe da gwamnati a majalisar wakilai mai kujeru 650 ita ce ta canza shugabanta, shugaban kuma ya gaji kujerar.

Tsarin jam'iyyar Conservative hawa biyu ne. 'Yan majalisarta suna kaɗa ƙuri'a zagaye bayan zagaye, a ƙarƙashin kulawar Kwamitin 1922, wato kwamitin 'yan majalisar jam'iyyar marasa muƙamin minista, ana zubar da na ƙarshe har a rage mutum biyu. Daga nan sai 'ya'yan jam'iyya masu rajista su zaɓi ɗaya. A Satumban 2022 Truss ta sami ƙuri'a 81,326, Sunak ya sami 60,399, a ƙasar da ke da mutum kusan miliyan 67. Bayan makonni bakwai Sunak ya hau ba tare da an je wurin 'ya'yan jam'iyyar ba ma, domin an sa sharaɗin sai ɗan takara ya sami goyon bayan 'yan majalisa 100, abokiyar takararsa Penny Mordaunt kuma ta janye. Ka taƙaita wannan cikin jimla biyu, ka haddace, domin za ka faɗa wa duk wanda za ka yi wa tambaya.

Ka kiyaye da laƙabi. Ranar da aka bayyana sakamako, wanda ya ci shugaban jam'iyya ne kawai. Sai sarki ko sarauniya ta gayyace shi ya kafa gwamnati sannan ya zama firaminista. An bayyana Truss ranar 5 ga Satumba, Sarauniya Elizabeth ta naɗa ta ranar 6 a Balmoral. An bayyana Sunak ranar 24 ga Oktoba, Sarki Charles ya naɗa shi ranar 25. Kemi Badenoch kuma, da ta ci shugabancin jam'iyyar a Nuwamban 2024, jagorar 'yan adawa ta zama, domin jam'iyyar ta faɗi zaɓen Yulin shekarar. Wajen agogo, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Landan da namu ɗaya ne, sauran watanni suna bayanmu da awa guda.

Abin da ya shafi ɗan Kaduna

Jawabin farko a ƙofar lamba 10, Downing Street, yawanci alkawura ne. Abin da ya fi shi nauyi shi ne sunayen ministoci uku da akan fitar a ranar ko washegari: na cikin gida, na kuɗi, da na harkokin waje. Na cikin gida shi ke riƙe da biza. A zamanin Sunak ne aka hana yawancin ɗaliban ƙasashen waje tafiya da iyalansu daga Janairun 2024, sai masu digirin bincike. A Maris ɗin shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya tafiya da nasu iyalan. A Afrilu mafi ƙarancin albashin da ake buƙata don bizar ƙwararru ya tashi daga fam 26,200 zuwa fam 38,700, kuɗin lafiyar da baƙo ke biya duk shekara kuma ya riga ya tashi daga fam 624 zuwa fam 1,035. Malamar jinya da ta gama jarrabawar Turanci tana jiran takardar ɗaukar aiki ta san waɗannan lambobi fiye da kai.

Ta ɓangaren tallafi, an haɗe ma'aikatar raya ƙasashe da ta harkokin waje a 2020, aka rage kason tallafi daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a 2021. Kaduna da Kano da Jigawa suna cikin jihohin da Birtaniya ta daɗe tana zuba kuɗi a ilimi da lafiya da gyaran aikin gwamnati, saboda haka tsohon sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko ma'aikaciyar ƙungiyar sa kai suna da abin faɗa na gaske.

Batun fam yana buƙatar taka tsantsan. Gaskiya ne firaminista na iya girgiza kuɗin ƙasarsa: bayan ƙaramin kasafin da Kwasi Kwarteng, ministan kuɗi na Truss, ya gabatar ranar 23 ga Satumban 2022, fam ya faɗi zuwa kusan dala 1.03, har Babban Bankin Ingila ya sa baki. Amma uban da ke kuka da tsadar kuɗin makarantar ɗansa tun daga tsakiyar 2023, faɗuwar naira ce ta fi cin sa, bayan Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji a Yunin shekarar. Idan ka sa muryarsa ba ka bambance wannan ba, ka ɗora wa firaminista laifin da ba nasa ba. Ɗan canji guda ɗaya zai warware maka, ka tambaye shi farashin fam da na dala na jiya da na yau.

Inda za a je da wanda za a gani

Don rahoton minti uku kana buƙatar murya takwas zuwa goma, kowace ta daƙiƙa 15 zuwa 20. Kafin ka sami goma masu amfani sai ka yi magana da mutum 20 zuwa 25, domin wasu za su ƙi, wasu za su maimaita abin da aka riga aka faɗa, wasu kuma hayaniya za ta ɓata. Ka raba su gida biyu. Rabin farko waɗanda abin ya shafa kai tsaye: ɗalibai da malamai a jami'ar jiha ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ma'aikatan jinya bayan sun tashi aiki, iyayen da ke da yara a can, 'yan canji, masu haɗa wa mutane takardun tafiya. Waɗannan tun da daddare ake kiransu a sa lokaci. Rabi na biyu mutanen gari, waɗanda ke bin labaran duniya da rediyo a kunne, kuma a Kaduna suna da yawa.

Dole ka ƙetare kogi. Rahoton da aka ɗauka duka a Tudun Wada da Kawo da Rigasa ra'ayin rabin gari ne, haka wanda aka ɗauka duka a Barnawa da Sabon Tasha da Narayi. Ka tsara hanyarka yadda za ka yi arewa da safe, kudu da yamma, ko ku rabu ku biyu. A kudancin garin wasu za su fi sakewa da Turanci, ka bar su, a ɗora fassara daga baya. Mata su zama aƙalla uku cikin goma. Idan namiji ne kaɗai ya fita zai dawo da muryar maza zalla, don haka a haɗa shi da wakiliya da za ta iya shiga gida, ko ta zauna da masu sana'a a Kasuwar Barci. A guji lokacin salla, da tsakar ranar Juma'a, da safiyar Lahadi a unguwannin da ake zuwa coci.

Majalisar mai shayi wuri ne mai daɗin hira amma yana da tarko. Da ka miƙa makirufo, babban cikinsu ne zai fara, duk wanda ya biyo kuma zai buɗe da "kamar yadda Malam ya faɗa". Mutum shida, ra'ayi ɗaya. Ka gaisa da kowa, ka nemi izinin babban, sannan ka ja mutane ɗaya bayan ɗaya gefe, taku goma daga tebur, ka bar babban a ƙarshe. Wannan ma ya raba ka da ƙarar risho da cokalin da ke kaɗa madara a kofi.

Tambaya

Ka fara da gaisuwa da bayyana kanka: "Salamu alaikum Baba, sannu da aiki. Daga gidan rediyo nake, muna jin ra'ayin jama'a ne kan sabon firaministan Birtaniya. Za a sa muryarka a iska yau da yamma, ka yarda?" Ka ɗauki amsar yardar a na'ura. Wanda ya ce kada a faɗi sunansa, a faɗi sana'arsa da unguwarsa kawai.

Tambayar farko ita ce "me ka ji game da shi?" Da ita za ka gane wanda ya san zancen da wanda yake so ya faranta maka. Idan bai ji komai ba, ka gode masa ka wuce. Ta biyu, "ta ina kake ganin wannan zai shafe ka ko wani naka?" Ta uku, "me ya sa ka ce haka?", kuma yawanci amsarta ce za ka yi amfani da ita. Kada ka cusa amsa cikin tambaya. "Ba ka ganin wannan mutumin ba ya son baƙi?" ra'ayinka ne kake neman wanda zai sa masa hannu. Kowa ka yi masa tambaya da kalmomi iri ɗaya, in ba haka ba amsoshin ba za su haɗu ba.

Za ka haɗu da fushi, kuma wani lokaci yana da tushe. Mutane suna tuna rubutun da Johnson ya yi a 2018 inda ya kwatanta mata masu niƙabi da akwatin wasiƙa, ko da yake a rubutun ya ce bai goyi bayan a haramta niƙabin ba. Suna tuna kalaman Badenoch kan Najeriya da kan Arewa, waɗanda har mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya mayar mata da martani a Disamban 2024. A sa fushin a iska, haƙƙin mutane ne, amma kai ka faɗi abin da aka faɗa daidai da shekararsa. Abin da ba ya shiga iska shi ne zagin addini ko ƙabila, kamar wanda zai kushe Sunak don yana bin addinin Hindu. Dokokin NBC, hukumar da ke kula da kafafen watsa labarai, sun hana, kuma garin nan ya ga rikicin da rubutun jarida guda ya haddasa a 2002.

Kayan aiki kaɗan ne: na'urar ɗaukar murya ko waya mai caji, makirufo mai soso, da abin sawa a kunne. Ka riƙe makirufon taƙi ɗaya daga bakin mai magana, ka sa mizanin sauti yana kai wa kusan -12, kada ya taɓa ja. Da hunturu iska tana buga makirufon da ba shi da soso har magana ta ɓace, don haka ka juya mata baya. Ka nisanci janareta da injin niƙa. Idan da waya kake ɗauka, ka kashe layin, kira ɗaya yana yanke ɗauka, kuma ka duba kada yatsanka ya toshe ramin makirufon. A kowane wuri ka ɗauki daƙiƙa 30 na hayaniyar wurin ita kaɗai don liƙe gaɓoɓi.

Wajen tacewa

A nan amana take. Idan cikin mutum 25 goma sha biyar sun nuna damuwa, shida sun nuna fata, huɗu sun ce babu ruwansu, kada ka jera biyar da biyar don a ce ka yi adalci, kada kuma ka zubar da marasa rinjaye. Ka bar rabon ya yi kama da abin da ka tarar. Kada ka yanke "amma" daga bakin mutum: wanda ya ce tsarin yana da kyau amma zai raba iyalai, rabin maganarsa ƙarya ce a kansa.

Kada ka rubuta "mutanen Kaduna sun yi tir" ko "kashi 60 sun goyi baya". Kamfanonin jin ra'ayin jama'a irin su YouGov da Ipsos sukan tambayi mutum 1,000 ko fiye, kuma ko a samfurin da aka zaɓo bisa ƙa'ida ana barin giɓin kuskure na kusan maki uku. A mutum 25 giɓin ya kai maki 20, balle waɗanda aka tara a titi. Ka ce "wasu da muka zanta da su a Kawo da Barnawa". Idan za ka kawo ƙuri'ar jin ra'ayi daga can, ka faɗi ranar da aka yi ta da waɗanda aka tambaya, domin ra'ayin 'ya'yan jam'iyya daban yake da na sauran 'yan ƙasa. Abin da ke yawo a Facebook da WhatsApp kuma a nemo asalinsa tukuna, tsohon bidiyon zanga-zanga yakan dawo da sabon take a irin wannan rana.

Ka ajiye lambobin mutum biyar ko shida daga cikin waɗanda abin ya shafa, da izininsu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: Truss kwana 49 ta yi a ofis, dokokin bizar zamanin Sunak kuma sai da ya shekara a kujera suka fara aiki. Ka sake kiransu bayan kasafin kuɗi na farko, da kuma ranar da ma'aikatar cikin gida ta fitar da sabuwar dokar shige da fice, ka kunna musu abin da suka faɗa a ranar farko, sannan ka sake yi musu tambayar nan ta biyu.