Yadda Ake Auna Amfanin Jama'a Kafin Hukuma Ta Yanke Shawara

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ayyuka na ƙaramar hukuma ya san kuɗi ba sa isa, kuma kowace unguwa da nata kukan. Akwai ma'aunin da masanin falsafa ɗan Ingila, Jeremy Bentham, ya shimfiɗa a 1789, wanda John Stuart Mill ya faɗaɗa daga baya: a zaɓi aikin da alherinsa ya fi yawa ga jama'a, a kuma lissafa kowa a matsayin mutum ɗaya, talaka ne ko basarake. Zancen ba baƙo ba ne a Zazzau, domin malaman zaure sun daɗe suna karantar da maslaha a fiƙihun Malikiyya, ko da yake a wurinsu abin da ya saɓa wa nassi ba ya zama maslaha.

A ɗauka za a faɗaɗa wata hanya a Tudun Wada, aikin kuma zai ci shaguna da zaurukan gidaje. Da farko a rubuta duk wanda abin zai shafa, ba waɗanda suka halarci taro kaɗai ba. Mai shago zai zo ko ya turo ƙungiyarsa, amma mai tuyar ƙosai a bakin titi da ɗan haya da matan da ke cikin gida ba za a ji muryarsu ba sai an bi ta hannun mai unguwa, an kuma tura mata sun shiga gida-gida.

Daga nan sai awo. Bentham ya ce a duba tsananin amfani ko cutarwa, da daɗewarsa, da tabbacin aukuwarsa, da kusancinsa, da abin da zai haifar, da yawan waɗanda zai taɓa. A ganina nan ne jami'ai suka fi yin tuntuɓe, saboda sukan riƙe yawan mutane su saki sauran. Minti biyar da direba zai rage a cunkoso amfani ne, amma mai sauƙi. Shagon da ke ciyar da gida guda kuwa, in ya rushe, asarar tana iya bin iyalin shekaru. Haka nan naira 50,000 a hannun attajirin Sabon Gari ba nauyinta ɗaya da na hannun bazawara mai marayu ba.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili saboda maslahar jama'a, amma diyyar da ta tanada ta fi karkata ga gini da shuka, don haka cinikin da ɗan haya zai rasa yakan faɗi ƙasa ba mai ɗauka. A sa shi cikin lissafi, a kuma biya diyya kafin katafila ta iso.

Kada a auna aikin shi kaɗai. A jera shi da abin da kuɗin za su iya yi a wani wuri, kamar magudanar ruwa a unguwar da ambaliya ke ci duk watan Agusta, ko rijiyoyin burtsatse a cikin birni. Abin da ya taɓa rai ko haƙƙin da tsarin mulki ya kare ba ya shiga sikeli, komai yawan masu cin moriya.

Idan an yanke shawara, a rubuta dalilan da Hausa, a manna a sakatariya da ƙofar hakimi, sannan bayan damina ɗaya a koma unguwar da takardar a hannu, a tambayi waɗanda aka tayar inda suka koma da abin da suke samu yanzu.